Saita Kulocin Babur a Gida: Milimita Uku da Ke Ceton Aljihunka

Duk wanda ya jima yana hawan babur ya san wannan yanayin. Ka iso mararraba, danja ta tsayar da ku, ka matse hannun kuloci har ya taɓa mariƙi, amma mashin ɗin ya ƙi tsayawa cak. Yana ta jan jiki gaba kamar akuyar da ta hango dusa. Ka taka giya kana neman firi ta ƙi shiga, dole ka danne burki, ko ka kashe injin gaba ɗaya kafin ka daki motar da ke gabanka.

Akwai kuma kishiyarsa. Ka ɗauko buhun masara ko ka goyo mutum, ka doshi hawa, ka murɗa totur. Injin ya yi ta ruri kamar zai tashi sama, amma gudun bai ƙaru ba. Fetur na ƙonewa, tafiya ba ta ci gaba.

Waɗannan matsaloli biyu, duk da sun saɓa wa juna, sau da yawa wuri ɗaya suke fitowa: ɗan wasan da ke jikin hannun kuloci, wato 'yar tazarar da hannun ke motsawa a banza kafin ya fara jan kebur. Tazara ce ta milimita biyu zuwa uku kacal. Idan ta yi yawa, kuloci ba ya saki. Idan ta ɓace, kuloci ba ya kamawa, kuma a hankali yake cinye kansa har sai an buɗe inji.

Saita wannan tazara aikin minti goma ne da mai babur zai iya yi a ƙofar gidansa. Inda ake samun asara shi ne wajen kayan aiki. Filaya ɗaya da sukundireban da bai dace ba sun isa su mayar da gyaran kyauta ya zama na biyan kuɗi. Don haka a wannan makala za mu duba abubuwa uku: yadda za ka gane ciwon, kayan da za ka nema, da kuma iyakar inda aikin gida ya tsaya.

Me ke faruwa a cikin inji idan ka matse hannu?

Galibin baburan da ke kan titunanmu, daga Bajaj Boxer da TVS zuwa na ƙasar Sin irin su Haojue da Lifan da Jincheng, suna amfani da kuloci mai fayafayai da yawa wanda ke zaune cikin baƙin mai, a bayan murfin inji na gefen dama. Da yawa daga cikin na Sin ɗin ma tsarin injinsu ya samo asali ne daga Honda CG125, wanda ya fito a 1975, kuma aka ƙera shi musamman don ƙasashen da babur ke shan wahala ba tare da samun kulawa sosai ba.

Fayafayan iri biyu ne, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu ɗan kaushi da makanikai ke kira faiba, waɗanda haƙoransu ke maƙale da kwandon waje da inji ke juyawa. Akwai kuma na ƙarfe zalla, waɗanda ke maƙale da cibiyar ciki mai haɗe da giya. Wasu sifirin ne ke matse su wuri guda. Muddin suna matse, ƙarfin inji na wucewa zuwa giya, daga nan zuwa sarƙa, zuwa tayar baya. Da ka matse hannun kuloci, kebur zai ja wani ɗan ƙarfe a jikin inji, shi kuma ya ɗaga matsin sifirin, fayafayan su rabu kaɗan, inji ya ci gaba da juyawa shi kaɗai.

Rabuwar nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa kowace milimita ta kebur take da muhimmanci. Kuma saitin ba ya zama wuri ɗaya har abada. Kebur yana miƙewa da amfani, musamman sabo, sai wasan ya ƙaru. Faiba kuma tana cinyewa, kuma a galibin babura hakan rage wasan yake yi. Ke nan babur ɗin da aka saita daidai watanni uku da suka wuce, yau zai iya zama ya kauce ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Haɗarin ya fi yawa a ɓangaren rashin wasa. Idan kebur ya ɗaure tamau, kamar ka ɗora yatsa ne a kan hannun kuloci dare da rana. Fayafayan ba sa matsuwa sosai, suna gogar juna, suna zafi, faiba na ƙara cinyewa, wasan na ƙara ɓacewa. Ciwo ne mai ciyar da kansa.

Gane ciwon kafin ka ɗauki sifana

Kada ka taɓa noti sai ka san wanne daga cikin biyun ke damunka.

Alamomin kulocin da ke zamewa: inji na ƙara ruri gudu bai ƙaru ba, musamman a giyar ƙarshe ko a kan hawa. Babur na shan mai fiye da da. Wani lokaci baƙin mai na warin ƙuna. A wasu babura ma kik yakan yi laushi, ka taka ya wuce ba tare da ya juya inji da kyau ba. Gwajinsa mai sauƙi ne. Samu hanya miƙaƙƙiya wadda ba cunkoso, ka sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, sannan ka murɗa totur sosai lokaci ɗaya. Lafiyayyen kuloci zai sa ƙarar inji da gudu su tashi tare, a hankali. Idan ƙarar ta yi tsalle ta bar gudun a baya, yana zamewa.

Alamomin kulocin da ba ya saki: babur na jan gaba alhali ka matse hannu gaba ɗaya, giya na shiga da ƙara mai ƙarfi, inji na mutuwa idan ka tsaya da giya a ciki. Babbar shaida ita ce wannan: firi na wahalar samuwa idan inji na aiki, amma da ka kashe shi sai ta shiga cikin sauƙi.

Sai dai a lura da abu ɗaya. Da sassafe a lokacin hunturu, baƙin mai yakan yi kauri ya manne fayafayan, sai giyar farko ta shiga da ɗan ƙara. Wannan ba ciwo ba ne muddin ya wuce bayan inji ya yi ɗumi. Haka kuma sarƙar da ta saki da yawa takan sa babur fizga wajen tashi, mutum ya ɗora wa kuloci laifin da ba nasa ba. Duba ta tukuna.

Kayan aikin da suka dace

Ni kaina da filaya na fara. Notin ƙasa na kebur ya ƙi kuncewa, na kama shi da filaya na murɗa da ƙarfi, ta zame sau uku. Kafin in ankara kusurwoyinsa shida sun cinye, ya zama mulmulalle, ba sifanar da za ta sake kama shi. Ƙarshenta sai da aka canza kebur ɗin da lafiyarsa ƙalau saboda noti ɗaya. Daga ranar na gane cewa ba ƙarfi ake buƙata ba, ma'auni ake buƙata.

Ga abin da ya kamata ya kasance a cikin jakarka:

Sifana masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17. Lambar tana nufin faɗin kan noti a milimita. Baburan Japan da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su waɗannan lambobi suke bi. Nemi irin mai baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe, ɗaya gefen zobe. Zoben ya fi kama noti ta ko'ina, amma a jikin kebur buɗaɗɗen bakin ne kawai zai shiga. Lamba 12 ka sayi guda biyu, domin a babura da yawa notocin ƙasa na kebur girmansu ɗaya, kuma sai ka riƙe ɗaya kana murɗa ɗaya. Ƙara da lamba 13, saboda idan an taɓa canza maka bolti da na kasuwa mai tsarin Turai, zarensa iri ɗaya ne da na asali amma kansa 13 ne maimakon 12.

Hattara da sifanar inci. Cikin kayan aiki na hannu da ake shigowa da su akwai na Amurka, masu rubutun 3/8 ko 7/16 ko 1/2. Ƙarfensu na iya zama mai kyau, amma ba na baburanmu ba ne. Rabin inci milimita 12.7 ne. Ka ɗora shi a kan noti mai lamba 12, zai yi kamar ya zauna, amma wannan ratar ta 0.7 ita ce za ta cinye kusurwoyin. Haka idan za ka yi oda ta intanet, karanta bayanin kayan da kyau ka tabbatar lambobin na milimita ne, kada hoto ya ruɗe ka.

Sukundireba mai faffaɗan baki, da mai baki huɗu. A nan akwai wani sirri da mutane da yawa ba su sani ba. Sukurori masu kan gicciye ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsarin Phillips na Amurka, akwai kuma tsarin Japan da ake kira JIS, wanda baburan Japan suka daɗe suna amfani da shi. Da ido kamar ɗaya suke, amma bakin Phillips ba ya zama daram a cikin sukurun JIS, sai ya riƙa tsalle yana cin kan sukurun. Sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kan sukurun JIS kusa da gicciyen. Idan ka samu sukundireban JIS lamba 2, saye shi, domin yana aiki a kan iri biyun. Idan ba ka samu ba, gwada wanda ke hannunka: ya shiga ya zauna ba ya rawa kafin ka murɗa, kuma ka fi ba da ƙarfi wajen dannawa a kan juyawa.

Abin awo. Ƙaramar rula ta isa. Idan babu, duba walat ɗinka. Kaurin katin ATM milimita 0.76 ne, don haka kati uku a haɗe sun ɗan haura milimita biyu, huɗu kuma sun kai uku. Wannan ma'auni ne da ba ya ƙarya.

Sai tsumma, ɗan giris, da ɗan baƙin mai mai tsabta. Filaya ma tana da amfani, amma don zare kan kebur ko riƙe ƙaramin abu, ba don noti ba.

Wayarka ma kayan aiki ce. Ɗauki hoton kowane wuri kafin ka kunce shi, domin ka san yadda yake tun farko. Nemi littafin jagorar baburinka a intanet ta hanyar rubuta sunansa da lambar samfurinsa, ka ajiye shi a waya. Abin da kamfanin da ya ƙera babur ya rubuta shi ne gaba da duk wani adadi da za ka gani a nan.

Wajen saye kuwa, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Katako a Yamai, za ka tarar da mai kyau da na banza a tebur ɗaya. Dabarar ita ce ka je da baburinka, ko ka tafi da noti ɗaya a aljihu. Ɗora sifanar a kai ka girgiza: mai kyau ba ta rawa. Duba bakinta, idan ya buɗe ko ya yi kaushi kamar an zuba shi a kasko, ajiye ta. Rubutun Cr-V a jiki yana nufin ƙarfe mai haɗin kuromiyam da banadiyam, wanda ya fi jure murɗa, amma rubutu ba wuyar bugawa gare shi ba, don haka gwajin noti ya fi shi gaskiya. Gara ka sayi sifana biyar masu kyau ɗaya bayan ɗaya da ka kwashi akwati mai guda arba'in da za su lanƙwashe a aikin farko. Araha ba ta ado.

Yadda ake saitin, mataki-mataki

Na farko, kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, inji a kashe kuma ya huce. Notin ƙasa kusa yake da inji da salansa, kuma ƙunar salansa ba ta da daɗi. Miƙe kan babur ya kalli gaba.

Na biyu, auna. Ja robar da ta rufe gindin hannun kuloci baya. Da yatsa ɗaya, ja hannun a hankali har ka ji ya fara tauri. Wannan wurin shi ne inda wasa ya ƙare, aiki ya fara. Akwai hanyoyi biyu na awo. Ko dai ka auna ratar da ta buɗe a gindin hannun, tsakaninsa da mazauninsa, wadda ake so ta zama milimita 2 zuwa 3. Ko ka auna tafiyar da ƙarshen hannun ya yi, can wajen ƙwallon, wadda Honda ke ba da milimita 10 zuwa 20 a yawancin ƙananan baburanta. Abu ɗaya ake aunawa ta wuri biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki adadin gindi a auna shi a ƙarshen hannu, sai kebur ya ɗaure fiye da kima.

Na uku, ƙaramin gyara a sama ake yinsa. Inda kebur ya shiga mazaunin hannu akwai wani bututu mai zare da zoben da ke kulle shi. Sassauta zoben da yatsu. Idan ka murɗa bututun ya shige ciki, wasa na ƙaruwa. Idan ka fito da shi waje, wasa na raguwa. Yi rabin zagaye, ka auna, ka sake. Idan ya yi daidai ka ɗaure zoben. Bututun yana da tsaga a tsawonsa. Juya ta ta kalli ƙasa, don kada ruwa da ƙura su riƙa shiga, kuma kada ta yi layi ɗaya da tsagar zoben, domin ta nan kebur ke fita.

Na huɗu, idan bututun ya fito sosai har saura zare kaɗan ke riƙe da shi, kada ka bar shi haka, zai iya karyewa ko ya fice kana tafiya. Mayar da shi ciki gaba ɗaya, ka dawo da shi zagaye ɗaya, ka kulle. Sannan bi kebur ɗin zuwa ƙasa, inda ya ratsa wani ɗan ƙarfe a jikin inji da noti biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. A nan ake babban gyara, kuma baburan da ba su da bututun sama a nan kawai ake saita su. Sassauta noti ɗaya, ka juya ɗayan kana duba hannun sama har wasan ya dawo daidai, sannan ka ɗaure su biyun da sifana biyu. Ɗauri na hankali ya isa. Zaren kebur siriri ne.

Na biyar, wanda mutane ke mantawa: juya kan babur har ƙarshe hagu, ka taɓa hannun, ka juya har ƙarshe dama, ka sake taɓawa. Dole wasan ya kasance a ko'ina. Idan ya ɓace a gefe ɗaya, kebur ɗin ya maƙale a wani wuri ko an bi da shi ta hanyar da ba tasa ba. Irin wannan ne ke sa kuloci ya canza hali a tsakiyar kwana.

Na shida, gwaji. Tayar da inji, matse hannu, sa giyar farko da burkin gaba a riƙe. Kada babur ya ja, kada inji ya mutu. Saki hannun a hankali ka ji inda ya fara kamawa. Zagaya unguwa, inji ya yi zafi, ka dawo ka sake aunawa, domin zafi na ɗan canza saiti.

Masu roba-roba fa?

Ƙananan baburan da muke kira roba-roba ba su da hannun kuloci, amma suna da kuloci. Tsarinsu ya samo asali daga Honda Super Cub na 1958, babur ɗin da yawan waɗanda aka ƙera ya haura miliyan 100 a 2017. A cikinsu, gudun inji ne ke sa kuloci ya kama da kansa, kuma duk lokacin da ka taka giya, takawar ce ke sakin sa na ɗan lokaci. Idan saitin ya kauce, giya takan yi tauri, ko babur ya riƙa fizga idan an canza ta, ko ya riƙa zamewa.

Wurin saitin yana jikin murfin inji na dama: sukuru mai tsaga a tsakiyar noti, galibi lamba 14. A injuna masu tsarin Honda ga yadda ake yi. Inji a kashe, sassauta notin. Juya sukurun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, zagaye ɗaya, kada ka wuce haka. Sannan juya shi hagu a hankali har ka ji ya ɗan cije. Daga nan mayar da shi dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Riƙe shi a wurin da sukundireba, ka ɗaure notin da sifana mai zobe. Riƙewar nan ita ce aikin, domin idan sukurun ya bi notin ya juya, saitin ya tashi a banza. Tun da ba duka roba-roba ne ke da inji iri ɗaya ba, duba littafin naka kafin ka fara.

Abokan tafiya biyu: kebur da baƙin mai

Wani lokaci saitin daidai yake, amma hannun ya yi tauri ko yana dawowa da jinkiri. Wannan aikin ƙura ne, kuma wanda ke hawa a hanyar ƙasa ko lokacin hunturu ya fi fama da shi. Cire kan kebur daga hannu, ka ɗaga shi sama, ka huda kusurwar 'yar leda ka zura bakin kebur ɗin, ka ɗaure da roba, ka zuba ɗan baƙin mai a ledar ka rataye ta. Mai zai bi ta ciki a hankali har ya fito ta ƙasa. Wasu kebur na zamani suna da rufin roba mai santsi a ciki wanda ba ya son mai, don haka idan naka irin su ne, canji ya fi.

Shafa ɗan giris a dunƙulen da ke ƙarshen kebur, inda ya zauna a cikin hannu. Ana so ya riƙa juyawa. Idan ya bushe ya ƙame, wayar ce ke lanƙwasa duk matsawa, kuma a nan take tsinkewa. Da ka ga ko zare ɗaya na wayar ya balle, canza kebur ɗin a ranar. Masu doguwar tafiya sukan ɗaura sabon kebur a gefen tsohon, su rufe bakinsa da leda, ta yadda idan ya tsinke a daji sai dai a sauya kai kawai.

Baƙin mai kuwa, tun da fayafayan a cikinsa suke wanka, irin wanda ka zuba yana shafar kamunsu. Wasu mayukan mota na zamani ana sa musu sinadaran ƙara santsi don rage shan fetur, kuma santsin nan zai iya sa kulocin babur zamewa ko da saitinsa daidai ne. Shi ya sa Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Juya bayan galan ko kwalbar ka nemi JASO MA ko MA2. Mai alamar MB na sukuta ne masu busasshen kuloci, ba naka ba ne. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba wanda zai iya gaya maka abin da ke cikinsa. Idan zamewar ta fara ne jim kaɗan bayan juyen mai, fara zargin man kafin faiba.

Inda aikin gida ya ƙare

Idan wasa ya yi daidai, kebur na tafiya sumul, mai na kirki ne, amma har yanzu yana zamewa, to faiba ta ƙare ko sifirin sun gaji. Idan kuma har yanzu ba ya saki, mai yiwuwa fayafayan ƙarfe sun kantare saboda zafi, ko haƙoran faiba sun sassaƙa ramuka a jikin kwando. Babu murɗa notin da zai gyara wannan. Ƙara wa kebur ɗauri don a ɓoye ciwon kuwa ƙara masa wuta ne.

Buɗe murfin inji wani mataki ne daban, da kayan aikinsa daban. Ana buƙatar sifana mai siffar T lamba 8 ta boltocin murfi, sukundireban da ake bugawa da guduma idan sukurori ne suka ƙame, ƙarfen riƙe kwandon kuloci, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da sabon gaskit, wanda makanikai ke cewa fakin. A injuna masu tsarin CG akwai noti mai tsaga huɗu da sai da soket ɗinsa na musamman yake kuncewa lafiya. Ana kuma buƙatar ma'aunin kauri, domin a irin wannan inji sabuwar faiba kusan milimita 3 ce, kuma idan ta sauko zuwa 2.6 ta gama aiki. Bambancin da ido ba zai gani ba ke nan.

Idan ba ka da waɗannan, kai wa makanike, ba abin kunya ba ne. Amma ka tsaya a wurin, yanzu ka san abin dubawa. A jiƙa sabuwar faiba cikin baƙin mai kafin a saka ta. Kada a cusa sukundireba cikin kwando don a riƙe shi, domin alminiyam ne, yatsunsa na karyewa. Boltocin sifirin a ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, ba a gama da ɗaya kafin a taɓa saura ba. Boltocin murfi tsawonsu ba ɗaya ba ne, kowanne ya koma raminsa. A sa sabon fakin maimakon a shafe tsohon da gam. Kuma ka ce a nuna maka tsofaffin fayafayan da aka cire.

Bayan an gama, sabon kuloci na buƙatar a sake duba wasansa bayan 'yan kwanaki, domin fayafayan na zama a mazauninsu. Wannan kuma aikinka ne, kuma ka riga ka iya shi.

Sauran ya rage ga hannun mai hawa. Tafiya da yatsu a ɗore kan hannun kuloci, riƙe shi rabi-rabi a cikin cunkoso, tashi da giya ta biyu, tsayar da babur a kan hawa da kuloci maimakon burki, da lodin da ya fi ƙarfin inji, duk suna cin faiba fiye da tsawon tafiya. Wanda babur ne hanyar abincinsa, ko ɗan acaɓa ne ko mai kai kaya kasuwannin ƙauye, ya san cewa ranar da mashin ya kwana a gareji asara biyu ce: kuɗin gyara da kuɗin da ba a samu ba.

Don haka ka mayar da shi al'ada. Duk ranar da za ka juye baƙin mai, ja robar nan baya, ka zura katunanka uku a gindin hannun kuloci. Idan sun shiga daidai, hau ka tafi. Idan sun ƙi shiga, ko sun shiga suna rawa, ɗauko sifana lamba 12.